Gefen Tawul

Shekara talatin da ɗaya ina tsaye
tsakanin injin saƙa goma sha biyu
a Gaffney, bayan layin dogo,
har kunnena na hagu ya riga ni yin ritaya.
A can ciki ba a jin magana, leɓe ake karantawa.
Shi ya sa ranar da manaja ya hau kan akwati
na riga kowa ji:
tun daga bakin ƙofa na tsinci kalmar a bakinsa.

Suka kwance injinan kamar ana fiɗar sa,
suka loda a manyan motoci, sai tashar jirgin ruwa.
Abin da ya rage, ramukan ƙusoshi a daɓe,
huɗu huɗu,
da ƙurar auduga a ƙirjin Vernon, mijina,
wadda ba wanda ya zo kwancewa.

Sai gwamnati ta aiko da takarda.
Shafi tara. Akwai gurbin da za a tabbatar
cewa kayan waje ne suka kore mu,
ba lalaci ba, ba tsufa ba.
Yarinyar ofis, Kendra Spivey, mai fara'a,
ta ce, Uwargida Tolliver, kiɗa ya sauya.
Na ce na ji, 'yata,
amma ƙafar da za ta yi rawar
ta sha siminti shekara talatin.

Kuɗin na zuwa, ban ce ba ya zuwa ba.
Yana biyan wuta, ya sayi rabin maganin Vernon,
da sharaɗin in zauna a aji
Litinin zuwa Alhamis, in koyi kwamfuta.
Ni da Odessa da Burl mai gyaran inji,
kan kujerun da aka yi wa jikokinmu.
Yatsun da ke ƙulla tsinkakken zare
kafin ido ya ƙifta,
ga su suna lalube, suna neman harafi guda.
Malamin yaro ne mai haƙuri.
In ya juya wa ajin baya yana rubutu a allo
ba na jin komai.
Ban faɗa masa ba.

Burl ya ce kayan aro ba ya rufe katara.
Sati nawa ya rage miki? Ashirin da shida.
Ni sha tara.
Haka muke gaisawa yanzu.

Jiya a babban kanti, a layin kayan wanka,
na ɗauki tawul mai ruwan ƙasa,
uku a kuɗin ɗaya namu na da.
Na yi niyyar in tsane shi.
Na juya gefensa kamar yadda aka koya mini,
na bi shi da babban yatsa,
sai ga wurin:
zare ya tsinke, an ƙulla,
ƙullin ya ɗan karkace.
Na san wannan ƙullin.
Na ƙarfe huɗun asuba ne,
sa'ad da ido ke yaji, ƙugu ke neman bango,
mai duba aiki yana tahowa ta baya.

Ban san sunanta ba, ban san garinta ba,
ban san ko tana da ɗa mai jira a gida ba.
Wataƙila injina na bakwai ne,
mai cin zare in an yi ruwa.
Da na gan ta da na ce mata,
ki ɗan sassauta shi ta hagu,
ki sa auduga a kunne tun yanzu,
kuma in kin ga manaja ya hau akwati
ki kalli bakinsa.

Na saya.
Da kuɗin gwamnati na saya.
Yana rataye a ƙofar bayi,
Vernon yana tari a cikinsa da dare.
Gobe akwai jarrabawa,
har yanzu ban san inda abu ke zuwa ba
in an danna masa ajiye.