Bokitin Sitaci

Dare ya raba a Garwa, karnuka sun gaji da haushi.
Ni ne, da bokitin sitaci, da guntuwar tsintsiya,
ina shafa wa bango, bango yana sha.
Sefa hamsin kowace takarda.
Faransancina bai kai ya kawo ba,
amma hoto ba ya neman tafinta.

Ta farko ta mai alamar tsani ce.
Fuska ce da aka ƙara wa duhu a inji,
aka zuba ja a cikin idanu,
aka ajiye ƙwaryar giya a gefe, da wuƙa.
A ƙasa an ce: in ba ka zaɓe mu ba,
su za su riƙe makullin kasuwa,
su za ka tarar a bakin rijiyarka.
Su. Babu suna.

Na haska tocila don in daidaita kusurwa,
sai ga tabon nan a girar hagu.
Durwe ne.
Durwe mai facin taya a gindin gada,
wanda ya shiga Binuwai har wuya shekarar ambaliya
ya fito da Ladidi, autata, a kafaɗa,
tana aman ruwa a bayan rigarsa.
Ranar da aka ɗauki hoton dariya yake yi,
ina wurin, ina jiran tayar kekena.
Sun goge dariyar,
sun bar haƙoran.

Na manna.
Kada ka tambaye ni. Mai gidan haya ya zo sau biyu.

Daren Laraba yaron mai alamar fitila ya sallama
da nasa ɗaurin, sefa sittin.
Wannan karon rawani ne, da sanda a wuya,
shanu a baya cikin gonar dawa,
da inuwar bindigar da ba ta wurin.
Za su cinye gonarka, in ji takardar,
su ɗauke ɗanka, su yanka maka farashi.
Hamajulde ne.
Shi da ya sayar da sa goma sha ɗaya bara
don ya fanso nasa ɗan daga daji,
aka dawo masa da yaron ba ya magana.

Shago ɗaya ya buga su duka biyun.
Sali mai inji yana ta mita da rana:
kakar zaɓe, in ji shi,
ta fi kowace kaka shan baƙar tawada.

Ba a ƙona gidan kowa ba, ban ce an ƙona ba.
Sai dai mai ƙosai ta daina sa canji a tafin Durwe,
tana ajiyewa a bakin tire.
Matar Hamajulde ta zaga unguwa da ƙwarya
ta koma da nononta ya tsinke.
Yara sun samu sabon wasa a lungu,
kowa yana ƙin ya zama su.

Jiya da hantsi Durwe ya zo ya tsaya
gaban fuskarsa, hannu a baya kamar malamin makaranta.
Ya karanta har ƙarshe, don ya fi ni boko.
Na rasa inda zan ajiye idona.
Ya ce, Tanimu, aikinka ne wannan?
Na ce, ni ne.
Ya ce, ya karkace.
Ya sa babban yatsa ya danne kusurwar da ta ɗago,
ya koma wajen tayoyinsa.

An ce masu takarar biyu sun haɗu a walima ranar Asabar,
faranti ɗaya, har suna miƙa wa juna yaji.
Ban gani ba, ji na yi.
Abin da na gani awaki ne da asuba,
sun ɗora ƙafafu a bango suna bin ƙanshin rogo,
sun cinye rawani, sun cinye wuƙa,
sun bar ido ɗaya da bakinsu bai kai ba.

Na wanke hannuna sau uku da sabulu.
Har yanzu in na gaisa da mutum
sai in ji tafina yana kamawa.