Zare a Gindin Kufena

Kafin zakarun Wusasa su yi cara
na riga na zura rigar ulun nan
wadda Inna Kande ta saƙa da tsinken keke biyu
shekarar da yana ta fara rufe mata ido.
Hannun dama ya fi na hagu tsawo.
Ban taɓa faɗa mata ba.

Ɗari ya zaune fadama kamar mai bin bashi.
Jatau na kaɗa haƙora cikin 'yar sharansa,
wai na yi kama da tunkiya.
To, wa ya taɓa ganin tunkiya na makyarkyata?

Muka laɓe a gindin Kufena.
Bakin bindiga ya fi randa sanyi,
ulu ya sha raɓa amma bai saki ɗumina ba,
hayaƙin murhunta na nan maƙale a wuyan rigar.

Fakara ta tashi.
Na zabura, sarƙaƙiya ta cafke ni a haƙarƙari.
Kafin in waiga zare ya bi ni taku goma,
shuɗi, yana lilo a kan ƙaya.
Jatau ya harba, ya kuskure.
Ni ko ɗaga bindigar ban yi ba.

Durƙusawa na yi ina naɗewa a yatsa,
iska na leƙo ni ta ɓular,
kare na kallona kamar na zautu.

Da hantsi muka dawo, jaka wayam.
Na danƙa mata ƙullin zaren.
Ta shafa, ta sunsuna,
ta ce, "Naman ke nan?"

Sai ta laluba ƙarƙashin tabarma
ta jawo tsinkayenta.