Baƙuwar Bayan Akwati

Marka ta kwana uku a kan Mabera,
ruwa ya janye, ya bar mana ɗiyarsa.
Na fara ganin ta bayan akwatin Kulu,
ɗigo-ɗigo kamar kashin ƙuda.
Na ce datti ne, na goge da tsumma.
Kafin Juma'a ta zagayo
ta kai tafin hannu, ta kai faifai,
ta kai tabarma, ta kama bango
tana hawa neman silin.

Hunhuna.
Ni baduku ne, tun ina yaro na san ta.
Ta sha ci mini jar fata,
ta sha sa wa gafaka furfura cikin dare ɗaya.
Sai in shanya, in shafa mai, a wuce wurin.
Ban taɓa jin tana taɓa mutum ba.

Wari ya fara zuwa.
Rigar sallata ta ɗauki warin tsohuwar rijiya.
Kulu ta ƙona turaren wuta har ya ƙare,
warin ya jira hayaƙi ya fita, ya dawo mazauninsa.

Sannan Marwanu.
Shekara huɗu, katifarsa jingine da bangon nan.
Atishawa da asuba, ido ja, hanci na zuba,
da dare ƙirjinsa na busa usur
kamar an rufe ɗan tsako cikin gora.
Mun ba shi zuma, mun ba shi citta da kanumfari.
Kakarsa ta ce sanyi ne,
maƙwabciya ta ce a nemo rubutu.

A asibiti wata malama mai tabarau ɗaure da zare
ta ɗora abin saurare a bayansa, ta daɗe.
Ba ta tambayi abin da ya ci ba.
Ta ce, ina yake kwana?
Bangon a bushe yake?
Ɗakin yana da taga?

Yana da taga.
Ni na buge ta da langa-langa bara,
ranar da ɓarawo ya zuro sanda ya ɗauke mini waya.
Na tare ɓarawon waje,
na kulle ɗana da na ciki.

Mai gida, Alhaji Ɗan'ige, ya ce zai aiko da fenti.
Ya aiko. Shuɗi, mai kyau.
Kwana goma sha biyu ta yi tana dariya a ƙarƙashi,
ta ɓullo.
Kwanon rufi na yoyo, an yi wa bango kwalliya.

Jiya na zare ƙusoshin da hannuna.
Na ɗaure hanci, na kankare, na wanke,
na jefar da katifar, ko da ban gama biyan ta ba.
Ranar Sakkwato, wadda kullum nake yi wa ƙorafi,
ita na roƙa: shigo, zauna, ɗakinki ne.

Yanzu yaron yana barci a zaure, kan gadon kara.
Ina zaune da basilla a hannu, ban ɗinka komai ba.
Ina ƙirga numfashinsa.
Usur ɗin ya yi ƙasa, bai tafi duka ba.

Mai gyaran kwano ya ce sai Talata.
Gabas kuwa, hadari ya fara haɗuwa.