Abin da Kogi Ya Mayar

Sahiya ta zo rumfata a Katako da igiyar awo a wuya.
Ta ce, Malam Tankari, a yi wa hotona baki
kamar yadda ake yi wa rijiya,
kamu uku a tsaye, biyar a kwance.
Na ce ba na yanka sai na ga abin da zan kewaye.

Ɗakinta a Gamkalle na warin ƙaro da fenti da ƙarnin kifi.
Buhun siminti shida ta farke, ta ɗinke wuri guda,
ta shafe da laka daga bakin Isa.
Sama baƙar leda ce, an ƙona gefenta da kyandir
har ta tattare kamar hadarin da ya fasa zuba.
Wata kuwa gilashin salula ne, a tsage.
Na ga fuskata a ciki, gida bakwai.

Kogin ta zuba shi da shuni,
sannan ta bi shi da baƙin mai na gareji,
ta yayyafa rairayi tun bai bushe ba.
Kifayen marfin kwalba ne, duka cikinsu a sama.
Ga tsohon taru na wani masunci daga Saga,
ya kama silifa ɗaya, batir huɗu, da cokalin roba.

Na nuna wani dunƙule a tsakiya, na ce wannan dutse ne?
Ta ce daga mahauta ta karɓo shi.
A tumbin saniya aka ciro,
leda ce ta shekaru, ta curu, ta hana ciyawa wuri.
Na janye yatsana.

Can ƙasa akwai guntun ƙyauren kwano
da layin ruwa a jikinsa, daidai ƙirjin mutum.
Na gidan innarta ne a Harobanda.
Ban tambaya ba, ita ma ba ta ƙara ba.

Na ce, ƴata, ina mutanen?
Hoto duk faɗinsa babu ko mutum ɗaya.
Ta yi dariya tana goge hannu a zane:
wane ne cikin waɗannan ya zo da ƙafarsa?

Kusurwar hagu ce kawai babu kome.
Ta ce nan daji zai zauna, ta rasa launinsa.
Ta gwada lalle, ya yi kore da yawa.
Ta gwada toka, ta yi kama da makoki.
Sai ta dubi wuyan rigata, ta tsinci abin da ke maƙale:
garin katako.
Ta ce gobe in zo mata da tiya guda.

Shekara talatin da ɗaya zartona na ci.
Maɗaci, giginya, gawon da aka ce ya faɗi da kansa.
Ban taɓa tambayar mai amalanke daga ina ba,
kuɗin ƙafa nawa kawai nake tambaya.
Daren nan na share rumfa da hannuna, ban sa yaro ba.

Da na buga katakon, hoton ya ƙi shiga.
Tarun ya zubo ta ƙasa, ledar ta leƙo ta sama.
Na ɗauko wuƙa in daidaita.
Ta riƙe mini hannu. Bar shi, in ji ta,
dama can bai taɓa tsayawa inda aka ajiye shi ba.

A hanya ƙishi ya kama ni, na sayi ruwan leda,
na huda da haƙori, na tsotse.
Hannuna ya sauka zai saki, kamar kullum.
Na tsaya a bakin kwalta kamar mai jiran canji.

Ran Juma'a mai ɗakina za ta wanke riga,
ta zazzage aljihu, ta kira ni:
Tankari, ledoji tara, me za ka yi da su?
Na ce ajiye mini.
Wallahi ni ma ban sani ba tukuna.