Lissafin Kip

A bakin iyakar Laos na canza kuɗina.
Mai canji ya turo min su dami-dami,
na ƙirga sau biyu: miliyan uku da 'yan kai.
Yau ni ne miloniya,
da silifa mai tsinkakken hanci
da jakar goyo da ta riga ta ɓata da kafaɗata.

Na sayi ɗan littafi mai shuɗin bango.
Abin da ya bar aljihu, nan yake kwana.
Ruwan roba, dubu biyar.
Gado a ɗakin mutum takwas,
fanka na kuka kamar ana bin ta bashi, dubu sittin.
Sabulu ban saya ba, wani ya manta nasa.

Kwana biyu a jirgin ruwa kan Mekong,
kujerun tsohuwar mota aka jera bisa katako.
Khamsouk matuƙi ba ruwansa da taswira,
murɗawar ruwa yake karantawa
yadda ake karanta fuskar mutum kafin a roƙe shi.
Muka tsaya inda babu gari,
aka sauke siminti, agwagi uku da firiji,
wata yarinya ta fito daga duhun gora
ta karɓa, ko mamaki babu.

Shinkafa mai danƙo, a murza a tafi, a dangwali yaji:
hannuna ya riga ni ganewa, bai nemi tafinta ba.
Magana uku na koya:
sannu, na gode, ya yi tsada.
Ta ukun ta fi sanin hanyar bakina.

Motar dare zuwa Phonsavan, gado ɗaya mutum biyu.
Wani malamin makaranta ya yi filo da gwiwar hannuna,
dutse na miƙa mu ga dutse har asuba.
Na rubuta: an tsira da kuɗin masauki.

A wani ƙauye bayan gari na tarar da Thongbai,
tsohuwa, zaune gaban murhu a ƙarƙashin gidanta mai dogayen ƙafafu,
tana zuba narkakken ƙarfe cikin katako,
ta buɗe, cokali ya faɗo da zafinsa.
Ta ɗaga yatsu goma.
Na ce ya yi tsada.
Ta yi dariya, ta naɗe biyu.

Sai jikanta Vilay, da guntun Turancinsa:
ƙarfen nan daga sama ya zo,
lokacin kaka tana yarinya, suna kwana a kogo.
Ka ga turken can mai jan kai?
Fartanya ba ta wuce shi, har yau.

Ni kuwa biro na hannuna,
zan rubuta: na ci ribar dubu biyu.

Na miƙa mata cikon. Ta ture.
Ciniki ya faɗa, in ji fuskarta, ba a tona shi.
Ruwa ya kece, motar ƙarshe ta tafi ba ni,
ta turo min kwandon shinkafa da ƙafar tabarma,
muka ci shiru, kwaɗi na ta surutunsu.
Da safe ta ɗaura min farin zare a wuyan hannu,
tana wasu maganganu da ba sa cikin ukuna.
Vilay ya ce kar na yanke, shi zai faɗi don kansa.

Daren nan layinsa fari ne a littafi.
Na gwada sifili, na soke.

Yanzu ina tashar mota, ƙarfe biyar,
saura kuɗin kwana huɗu in ciki bai ɓaci ba.
Zaren ya yi dauɗa, bai faɗi ba.
Cokalin na aljihun gefe.
Ba shi da nauyin komai, in ka auna shi a tafi,
amma tun ranar nake canza wa jakar kafaɗa.