Ɓangaren Hagu

Doña Hortensia ta hauro tudun Valparaíso
rungume da akwatin ƙarfe,
tana haki ta dire shi a kan teburina.
Ta ce, "Eleodoro, hagunta ya yi shiru.
Shekara tara ke nan. Yau dai na gaji."

Amfilifaya ce ta zamanin da kaya ke da nauyi,
gefenta katako, fuskarta kamar azurfa.
Na kwance kusoshi shida, ƙura ta tashi
da warin wata gobara da ta huce tuntuni.

Fis ɗin hagu ya tsinke, na sa sabo.
Amma ban ba ta wuta kai tsaye ba,
wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya ja baya.
Na jera mata kwan fitila a hanyar lantarki,
in da ɓarawo a ciki, kwan zai tona shi.
Na kunna.
Kwan ya buɗe ido tar, ya ƙi ƙiftawa.

Na ɗora mita a bakin da ke ciyar da lasifika.
Inda ya kamata allura ta kwanta a sifili
sai ta zabura ta wuce talatin.

Manyan tiransisto biyu na can baya,
ɗaure da ƙarfen da ke shanye musu zafi.
Ɗaya lafiya lau.
Ɗayan ya zama ƙofar da ba ƙyaure,
wuta na shiga tana fita ba sallama.
Kusa da shi ɗan razista ya yi baƙi ƙirin.

Na ciro wasu daga durowar matattun rediyoyi,
na narka dalma, na liƙa.
Kwan ya lumshe. Har na fara fito.
Minti biyu, na taɓa ƙarfen nan,
yatsana ya dawo ba shiri.
Kwan ya soma ja.
Na kashe.

Ashe ba a nan gizo ke saƙa ba.

Dare ya yi. Jirgin ruwa ya yi kuka a tasha,
karnukan tudu suka amsa masa.
Shayina ya huce ban sha ba.
Na bi taswirar wayoyi da fensir, da baya da baya,
ina tambaya: manya sun ƙone, to wa ya zuga su?

Can na gan shi,
bai fi ƙwayar wake ba,
ɗan abin murɗawar da ke ƙayyade musu abinci
lokacin da ba kiɗa.
Cikinsa ya yi kore shar.
Gishiri ne.
A garin nan iskar teku ba ta barin kowa,
ta ci kwanon rufi, ta ci ƙarfen matakala,
ta ci gwiwoyina,
ina ga wannan?

Na sauya shi. Na murɗa da sukudireba
a hankali, kamar mai cire ƙaya daga ƙafar yaro,
har allura ta tsaya inda littafi ya ce.
Awa guda tafina na kan ƙarfe.
Ɗumi kawai, irin na goshin mai barci.

Ranar Alhamis ta dawo da kaset a aljihun kwat.
Ta ce a kicin suka ɗauka, ita da Baldomero,
makirufo biyu, ita a dama.

Muryarta ta fito, ta budurwa, siririya.
Shekara tara ita kaɗai take ji tana rerawa.
Sai ga jita daga hagu,
da ƙarar kujera, da tarin mai shan taba.
Ya kuskure tsirkiya, ya yi tsaki, ya koma.

Ba ta yi kuka ba.
Ta nuna lasifikar da haɓa, ta ce,
"Kullum a nan yake ɓatawa."

Ta tambayi kuɗi.
Na faɗi na tiransisto biyu da fis.
Ta ce in mayar da kaset ɗin baya kaɗan.