Tayil na Goma Sha Bakwai

A Jega muka hau rufin Alhaji Labbo
tun ladan bai naɗe tabarmarsa ba,
don in hantsi ya ɗaga a bazara
tayil garwashi ne, ba ya taɓuwa.

Maigidana Jabbi yana gindin tsani.
Tun da ƙugunsa ya goce a wani gini a Kalgo
da kunne yake aiki.
Kowane tayil sai ya ƙwanƙwasa shi da kan ƙusa:
mai ƙarar tasa ya miƙo mini,
mai muryar tsohuwar ƙwarya, gefe, ba ya hawa.

"Daga ƙasa ake farawa, Mande.
Na sama ya hau kafaɗar na ƙasa da yatsa huɗu.
Ƙusa kuma kar ka ƙure ta.
Yumɓu na miƙa da rana, da dare ya takure,
wanda ka matse shi ke fashewa."

A layi na shida ƙishi ya rufe mini ido,
na taka tsakiya maimakon baki.
Ƙas! Kamar an karya tsinke.
Tsagar ba ta kai silin gashi ba.
Na shafe ta da ƙasa da babban yatsa,
na ɗora na gaba, na ci gaba da jerawa.

Jabbi bai ɗago ba. Goronsa yake taunawa.

Aka biya mu, na sayi takalmi.
Wata uku rana na nata aikin:
azahar ta buɗe tsagar, asuba ta rufe,
kullum ƙari kaɗan, kamar bashin mai shago,
ni ko har na kai ga mantawa.

Daren ruwan farko, gari na ƙamshin ƙasa,
ɗigo ɗaya ya bi katako, ya ratsa silin,
ya kira 'yan'uwansa,
suka sauka kan irin albasar da Alhaji ke ɓoyo tun bara.
Kafin a farga ya soma ruɓewa.

Sai ga Jabbi bayan ɗan kabu-kabu,
tayil guda a cinyarsa, naɗe da tsumma.
"Layi na shida, na goma sha bakwai daga gabas.
Tun ranar na ajiye maka wannan."
Na ce, "Baba, me ya hana ka faɗa?"
"Faɗana ka saba da shi, iska ke kwashewa.
Na bar ka da ruwa, shi ba a yi masa rantsuwa.
Kuɗin irin, rabi ni, rabi kai.
Ɗauki tsani."

Na sayar da takalmin.

Yau shekara tara, ba wanda ya aike ni,
in na ga shamuwa sai in je gidan,
in kwashe ganyen dogonyaro daga indararo,
in kore tattabaru, in ƙwanƙwasa layi-layi.
Na sha bakwai ya fi sauran ja har yanzu,
daga titi ma ina hangowa.